Mai Ƙeya ko Ta Bango: Wacce Ta Fi Dacewa da Wasan Gem?

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun samarin unguwar nan, kuma ba ta Madrid da Barcelona ba ce. Gardamar talabijin ce. Wasu sun kafe cewa tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda sai mutum biyu sun kama kafin a ɗora ta kan benci, ita ce ta fi daɗin gem. Wasu kuma suka ce ai wannan zancen waɗanda zamani ya bari a tasha ne, filasma ta zo, a miƙa wa 'yan jari-bola tsohuwa a huta. Da a fatar baki abin ya tsaya, da ba mu ɓata takarda a kansa ba. To amma akwai kuɗi a ciki. Ga matashin da ya tara 'yan sulallansa daga acaɓa ko dako a kasuwar Lambata don ya buɗe shagon gem a nan Gawu Babangida, ga kuma uban da 'ya'ya suka hana sakat sai ya canza talabijin ɗin falo. Kowannensu yana bukatar ya san abin da zai saya da abin da zai yar.

Bari mu faɗi matsayinmu tun yanzu, sannan mu kawo dalili. Masu cewa filasma ta fi a komai sun yi kuskure, masu cewa mai ƙeya ta fi a komai su ma haka. Na'urar gem ɗin da ke hannunka ita ce alƙali. Abin da muke suka shi ne ɗabi'ar da ta shigo mana ta sayen allo don burga, a haɗa shi da na'urar da ba don shi aka yi ta ba, sannan a koma ana zargin fad ko yatsun yaro.

Don wa aka ɗinka rigar?

Mafi yawan waɗanda suka haura shekara talatin a cikinmu da gem ɗin kaset suka fara, wanda ake kira Family Game. Kwaikwayo ne na Famicom da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983. Kowa ya tuna kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ake rubuta wa wasa dubu tara da ɗoriya a jiki, in ka kunna ka tarar wasa biyar ne ake ta maimaitawa. Daga nan Sega Mega Drive ta 1988 ta shigo da su Sonic da Mortal Kombat. Sony ya kawo PlayStation a 1994, ya biyo da PlayStation 2 a shekarar 2000. Wannan ta biyun ita ce ta raini shagunan gem a Arewa, musamman saboda ƙwallon kamfanin Konami, Winning Eleven da PES. An sayar da fiye da miliyan 150 nata a duniya, shi ya sa har gobe ake samunta ta hannu a kasuwar IBB ta Suleja, da faifan da aka sabunta wa 'yan wasa.

Duk waɗannan na'urori an ƙera su ne lokacin da talabijin mai ƙeya ce a kowane gida. Masu zana hotunan a kanta suke dubawa, masu auna saurin wasan a kanta suke gwadawa. Telan da ya auna mutum ya ɗinka masa riga, in wani ya ara ya sa ta yi masa ɗangalgal, ba laifin tela ba ne.

Jinkirin da ido bai gani amma yatsa ya sani

Babban abin da mai ƙeya ta fi filasma da shi shi ne ba ta jinkiri. A cikin ƙeyar nan tata akwai wata 'yar bindigar lantarki da ke zana hoto a bayan gilashi, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Saƙo na fitowa daga na'ura tana zana shi nan take. Ba ta ajiye komai, ba ta lissafin komai. A tsarin PAL da Najeriya ke bi tana share fuskar sau 50 a daƙiƙa, a tsarin NTSC na Amurka da Japan kuma sau 60.

Filasma kuwa, wadda a gaskiya mafi yawan na kasuwa yanzu LED ne amma sunan filasma ya bi su duka, ƙaramar kwamfuta ce. In ka cusa mata wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, sai ta fara karɓar hoton, ta juya shi zuwa lissafin da take ganewa, ta haɗa layukan da PlayStation 2 ke aikowa rabi-rabi, ta buɗa shi ya cika fuskarta, ta yi masa kwalliyar launi, sannan ta nuna. Kowane mataki yana cin lokaci. A talabijin mai araha jinkirin kan kai hoto uku, huɗu, har biyar, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Mai kallon fim ɗin Hausa ba zai taɓa lura ba, don fim ba ya jiran umarninsa. Mai riƙe da fad kuwa a jikinsa yake ji. Ka danna shot, ma'aunin ƙarfi ya wuce inda ka so ya tsaya, ƙwallo ta tafi sama. Ka ga naushi na zuwa a Mortal Kombat ka tare, amma a cikin na'ura an riga an nausa ka, allon ne bai gaya maka da wuri ba.

Wani zai ce to ai mutum biyun allo ɗaya suke kallo, jinkirin ya shafe su daidai. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba mu kira shi maguɗi ba. Sai dai yana canza irin wasan. A allo mai saurin amsawa, mai kaifin ido da saurin yatsa shi ke ci. A allo mai jinkiri, mai canki-canka da mai danne-danne barkatai suna samun rabon da ba su cancanta ba. Kuma in aka shirya gasa tsakanin shago da shago, wanda ya saba da mai ƙeya in aka kai shi gaban filasma sai ya zama baƙo a wasan da ya ƙware a kai.

Hujja mafi sauƙin gani ita ce wasan harbin agwagi, Duck Hunt, na 1984. Bindigar robar nan ba ta harba komai, ido ne a bakinta. In ka ja kunamar, allon kan yi baƙi na ƙiftawar ido, sai farin tabo ya bayyana a inda agwagwar take, bindigar ta duba ko ta ga hasken a daidai wannan lokacin. A filasma hasken kan makara, bindigar ta riga ta duba ba ta ga komai ba. Shi ya sa ko ka manna bakin bindigar a jikin gilashin ba za ka sami agwagwa ko ɗaya ba, kare ya fito yana maka dariya. Bindigar lafiyarta ƙalau.

Kada a ɗauka wannan ƙauyanci ne namu. A Amurka, masu gasar Super Smash Bros. Melee, wasan da ya fito a 2001, sun shafe shekaru suna dakon tsofaffin talabijin masu ƙeya zuwa zauren gasa saboda wannan dalilin, alhali ba kuɗin filasma suka rasa ba. Duk mai shakka a cikinmu ya gwada: a raba wayar rawaya gida biyu, a kai ɗaya mai ƙeya ɗaya filasma, a jera su, a ɗauki bidiyo da waya mai rage gudun hoto. Za a ga wacce ke riga. Gani ya kori ji.

Kyan hoto

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don kowa ya ɗauka babban allo shi ne kyan hoto. Sega tana zana layi 224 ne kawai a mafi yawan wasanninta. PlayStation 2 tana aiko 480 ko 576. Filasma mai inci 32 ta talaka tana da layi 768, ta sama da ita 1080, mai 4K kuma 2160. In ka ba ta ƙaramin hoto dole ta ja shi kamar danƙo, ta cike giɓin da ƙiyasi. Sakamakon shi ne abin da muke gani a wasu shaguna: fuskar ɗan wasa ta zama dame-dame, layin fili ya yi haƙora kamar zarto, ciyawa na rawa. Mai ƙeya kuwa haskenta yana ɗan narkewa tsakanin ɗigo da ɗigo, sai ya rufe wa hoton asiri. Masu zanen wancan zamani sun san haka, da shi suka yi aiki.

Sannan ga batun faɗi. Tsohon hoto huɗu-bisa-uku ne, kusan murabba'i. Filasma sha shida-bisa-tara ce. Mafi yawan masu shago sukan bar ta ta baje hoton ya cika bango, don kada kwastoma ya ce an cuce shi da baƙin gefe. Sai 'yan wasa su koma gajeru masu tumbi, ƙwallo ta zama ƙwai, da'irar tsakiyar fili ta zama faranti. Mun saba gani har mun daina lura, amma sabo ba ya mai da karkatacce miƙaƙƙe.

Akwai kuma motsi. Mai ƙeya tana haska hoto ne ta ɗauke, ta sake haskawa, shi ya sa in kyamara ta bi doguwar ƙwallo ido na bin ta tsaf. LED tana riƙe kowane hoto har na gaba ya zo, sai abu mai gudu ya yi jela-jela. Aibin mai ƙeya a nan shi ne wannan ƙyaftawar tata ta sau 50 tana gajiyar da idon wasu, musamman a ɗaki mai duhu. Wani aibin kuma, in faifan NTSC ne talabijin ɗin kuma PAL kaɗai ta sani, sai hoto ya fito fari da baƙi ko ya riƙa birgima. Wanda zai sayi ta hannu ya nemi mai karɓar tsarin biyu.

Inda filasma ta yi zarra

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Daga PlayStation 3 ta 2006, wadda ta zo da HDMI, masu yin gem suka koma auna aikinsu a faffaɗan allo. Rubutu ya ƙanƙance, taswirar fili ta ƙasan allo ta ƙanƙance, sunayen 'yan wasa suka zama kamar tururuwa. Ka sa FIFA ta wannan zamani a mai ƙeya, sai ka matso kamar mai zare ƙaya kafin ka karanta wa za ka canza. PlayStation 4 ta 2013 ma ba ta da ramin wayar rawaya gaba ɗaya, haka PlayStation 5 ta 2020. Akwai 'yar akwatin da ake sayarwa mai juya HDMI ya koma waya mai kai uku, amma wannan sayen doki ne a ɗaure shi a turken akuya. Ka biya kuɗin layi 1080 ka zubar da kusan rabi.

Faɗin allon ma a nan amfani ne na gaske, don wasan da kansa an yi shi da faɗi: kana ganin ɗan gefe yana tsere tun kafin ka ba shi ƙwallo. Jinkirin kuma yana raguwa ƙwarai, tunda hoton ya zo a yaren da talabijin ɗin ke ji. Ga masu EA Sports FC, sunan da FIFA ta koma tun 2023, da masu eFootball, sunan da PES ta koma a 2021, babu wata gardama. Filasma ce.

Sai dai ko a nan muna da ƙorafi. A cikin saitin hoto na mafi yawan filasma akwai wani zaɓi mai suna Game Mode, wanda ke kashe kwalliyar da ke jawo jinkiri. Kyauta ne, danna rimot uku ne ko huɗu. Amma sau da yawa sai ka ga allon shago yana kan saitin da aka baro kanti da shi, launi ya yi jajir kamar an zuba manja, jinkiri kuma na nan daram. Mai karɓar kuɗin yara a kan kowane wasa ya kamata ya san rimot ɗinsa fiye da haka.

Wuta, fetur da mai gyara

Jiharmu ta Neja ita ke da Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, har ana yi mata kirari da jihar wutar lantarki, amma kowa ya san yadda muke kwana da wutar AEDC. Shagon gem a kan janareta yake rayuwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a Abuja. Don haka abin da allo ke sha ya zama lissafin riba da faɗuwa.

A nan mai ƙeya ta sha kaye. Mai inci 21 sau da yawa takan ci kusan ninki biyu na abin da LED mai inci 32 ke ci, kuma kowa na iya duba takardar da ke manne a bayan tasa ya gani. Lokacin kunna ta kuma takan fizgi wuta da ƙarfi, wannan gurnanin da ƙaramin janareta ke yi har ƙwan fitila ya dushe. Ka jera huɗu a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, ga zafin gari ga nata, sai ka ƙara fanka, fankar ma wuta ce. Mai tunanin komawa sola da batir kuwa, LED ce abokiyar tafiyarsa, har akwai masu aiki da batir kai tsaye ba sai da inbata ba.

Amma a juya kwabon. Gilashin mai ƙeya kauri gare shi. Yaro ya sha ci uku ba ko ɗaya ya yi jifa da fad, fad ɗin ne zai fashe. Filasma kuwa gwiwar hannu ɗaya ta isa, kuma in fuskar ta tsage kuɗin canza ta ya kusa kuɗin sabuwa. Mai ƙeya in ta lalace, tsohon mai gyaran rediyo zai buɗe ta ya ciro ɗan abin da ya ƙone ya liƙa wani da dalma. Filasma galibi allon cikinta ake cirewa ɗungurungum, ko a canza fitilun baya. Sai dai wannan gatan na mai ƙeya yana ƙarewa. Sony ya daina ƙera Trinitron ɗinsa tun 2008, sauran manyan kamfanoni ma sun bi sahu, kayan gyara sai dai a ciro daga gawar wata, matasan masu gyara kuma waya suke koya. Kowacce ka zaɓa, sitabilaiza ba ado ba ne a garin nan.

Gargaɗi kan fasa ta

Wannan ɓangaren ya fi duk na baya nauyi. In mai ƙeya ta mutu, ɗan jari-bola yakan saye ta don jan ƙarfen da ke naɗe a wuyanta, ya fasa ya ciri nasa, ya bar gilashin a juji ko bakin kwata inda yara ke wasa ba takalmi. Gilashin ƙeyar nan akwai dalma a cikinsa da yawa, an sa ta ne don ta tare hasken da ke cutarwa. Muddin tana rufe ba ta da matsala, amma in aka farfasa aka daddaka, ko aka ƙona robar, ƙurar da hayaƙin ba abin shaƙa ba ne. Mutanen Neja ba sa bukatar dogon bayani kan gubar dalma. Mun ji abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, mun kuma ga yara 28 da ta kashe a ƙaramar hukumar Rafi a 2015. Waɗancan daga haƙar zinariya ne, kuma yawan gubar ba ɗaya ba ne, amma dalmar ita ce dai, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi saurin ɗaukarta.

Haka kuma kada wani yaro mai ƙiriniya ya kwance bayanta don ya ga abin da ke ciki. Talabijin mai launi tana aiki da ƙarfin lantarki da ya haura volt 20,000 a ciki, kuma takan riƙe saura ko bayan an zare ta daga soket. Aikin mai gyara ne. A kuma ɗora ta kan abu mai ƙarfi, don nauyinta a gaba yake, ƙaramin yaro in ya ja ta kansa za ta faɗo.

Hukuncinmu

Mai Family Game, Sega, PlayStation ta farko ko ta biyu, ya riƙe mai ƙeyarsa, ya share mata ƙurar hunturu, ya nisanta ta da lasifika mai maganaɗisu don kada launinta ya ɓaci. Da tsohuwar zuma ake magani. Mai PlayStation 4 ko 5 ya sayi filasma, ya kunna Game Mode tun ranar farko, kuma inci 32 mai saurin amsawa ta fi inci 50 mai nawa. Mai PlayStation 3 yana tsakiya, amma HDMI ya fi masa. Wanda dole ta sa ya haɗa PlayStation 2 da filasma, ya mayar da hoton huɗu-bisa-uku ya haƙura da baƙin gefe, in kuma talabijin ɗin na da ramukan kore da shuɗi da ja ya nemi waya mai kai biyar, hoton zai fi na rawaya tsafta nesa ba kusa ba.

Ga masu shago, shawararmu ita ce a raba layi: benci ɗaya na tsofaffin na'urori da masu ƙeya a farashi mai sauƙi don ƙananan yara, ɗaya na sababbi a bango. In za a yi gasa a sanar da irin allon tun kafin a karɓi kuɗin shiga. Ga iyaye kuma, kafin ku ba ɗan jari-bola tsohuwar talabijin ɗin da har yanzu tana kamawa a kan kuɗin da bai kai na mudun shinkafa ba, ku tambaya a unguwa. Akwai mai shagon da ke nemanta, kuma ba a ƙera wata.